Yaro Ya Faɗi Jarrabawa: Laifin Gida Ne Ko Na Makaranta?



Kowace shekara idan sakamakon jarrabawar kammala sakandare ya fito, akan sake jin maganganun da aka ji bara. Uba ya zauna a majalisa bayan sallar La'asar yana ta faɗa, wai malaman zamani ba su san kome ba sai jiran albashi. Malami kuwa yana can ofis yana gaya wa 'yan'uwansa cewa shekara shida yaron nan ya yi a hannunsa, amma ko sau ɗaya bai taɓa ganin ƙeyar ubansa a makaranta ba. Kowa ya wanke kansa ya kama gabansa, yaro kuwa an bar shi tsaye da takarda a hannu, ga shekaru sun tafi, ba karatu ba sana'a. To, tun da yake ɗa amana ne, amana kuwa za a yi tambaya a kanta gobe Ƙiyama, ya kamata a tsaya a duba a kan wa alhakin yaron nan ya rataya.

Ba a ƙasar Hausa aka fara wannan gardama ba. A Amurka, wata doka da aka yi cikin 1964 ta umurci gwamnati ta bincika rashin daidaiton damar karatu da yara suke fuskanta saboda launin fata ko addini ko asalinsu. Aka ɗora wa wani masani mai suna James Coleman jagorancin aikin, ya tattara bayanin ɗalibai wajen 600,000 a makarantu wajen 4,000, ya fitar da rahotonsa cikin 1966. Kowa ya ɗauka za a ce bambancin gine-gine da kayan aiki ne ya raba yaran. Sai rahoton ya zo da abin da ba a zata ba, watau halin gidan da yaro ya fito, da irin abokan da ya tarar a aji, sun fi ginin makaranta da kuɗin da aka kashe mata tasiri a kan sakamakonsa. Daga nan waɗansu suka yi gaggawar yanke hukunci, suka ce ashe makaranta ba ta iya gyara abin da gida ya ɓata.

Amma ba a daɗe ba aka sami waɗanda suka yi wa wannan magana gyara. Cikin 1979 wani likitan ƙwaƙwalwar yara a Ingila mai suna Michael Rutter, shi da abokan aikinsa, suka fitar da sakamakon binciken da suka yi shekara da shekaru a makarantun sakandare 12 na unguwannin talakawa a birnin Landan. Suka ga yara masu kamancin asali suna rabuwa ƙwarai gwargwadon makarantar da kowa ya shiga. Tsufan gini ko faɗin fili ba su ne suka raba makarantun ba. Abin da ya raba su shi ne ɗabi'ar wurin: ko malami yana shiga aji a kan lokaci, ko yana duba aikin da ya bayar, ko ana yaba wa yaro in ya yi abin kirki, ko ana ba shi wani ɗan nauyi ya riƙe. Sa'an nan cikin 1983 waɗansu masana biyu, Heyneman da Loxley, suka gwada bayanan ƙasashe 29, masu arziki da matalauta, suka ga cewa a ƙasashen da talauci ya yi yawa, ingancin makaranta da na malami ya fi nauyi a kan sakamakon yaro bisa yadda yake a ƙasashe masu wadata.

Dalilin wannan ba ɓoyayye ba ne ga wanda ya san ƙauye. A gidan da uba da uwa suka yi karatu, akwai littattafai, akwai fitila, ko makaranta ta yi rauni yaro zai sami mai cike masa giɓi. A gidan da babu wanda ya iya karanta haruffan boko kuwa, abin da malami ya rubuta a allo shi ne iyakar abin da yaro zai samu. In malamin bai zo ba, ko ya zo bai iya ba, babu wata ƙofa kuma. Ashe ke nan a wuraren da talaka ya fi yawa, nauyin da ke kan makaranta ƙaruwa yake yi, malamin ƙauye kuwa ya fi malamin 'ya'yan manya kusa da a tambaye shi.

To, sai maganar tsarin iyali. Akwai masu cewa auren mace fiye da ɗaya ne ya hana yara karatu, akwai masu cewa yawan saki ne, akwai kuma masu ganin maraya ko agola ko ɗan riƙo su ɗauka an riga an rufe littafinsa. A nan ma binciken waje yana da abin da zai ƙara wa mai tunani. Cikin 1994 waɗansu masana biyu a Amurka, McLanahan da Sandefur, suka nuna cewa yaran da suka tashi a hannun uwa kaɗai ko uba kaɗai sun fi sauran yara barin makaranta kafin su gama. Amma da suka bi diddigi, sai suka ga wajen rabin wannan bambanci daga raguwar abin hannu ya taso, sauran kuwa daga ƙarancin kulawa ne da yawan ƙaura daga wuri zuwa wuri. Sun kuma lura cewa 'ya'yan matan da mazansu suka rasu sun fi 'ya'yan waɗanda aka rabu da rai samun sauƙi. Watau abin da ke cutar yaro shi ne abin da rabuwar ta tafi da shi, na abinci da kulawa da kwanciyar rai.

Mai karatu ya auna wannan da abin da yake gani a unguwarsu. Ga gida mai mata uku, yara sun kai ashirin, amma maigida ya san ajin kowa, yana karɓar katin sakamakon kowa a ƙarshen zango, kuɗin tara kuwa ɗan mowa da ɗan bora daidai yake ba su. Ga kuma wani gida mai mace ɗaya da yara huɗu, maigida ya fita tun yara ba su tashi ba, bai komo ba sai sun yi barci, da za a tambaye shi sunan makarantar ɗansa sai ya yi inda-inda. Wanne ne cikin gidajen nan biyu ya tsare amana? Lalle yawan iyali ba tare da halin riƙonsu ba fitina ne, wanda kuma ya ƙara aure alhali yana sane 'ya'yansa na fari ba su da littafin rubutu ya ɗauki abin da ba zai iya ba. Amma ƙidayar ɗakunan gida ba ta isa a yanke wa yaro hukunci ba. Abin da za a tambaya shi ne ko a gidan nan akwai babba guda wanda ya ɗauki karatun wannan yaro a matsayin damuwarsa.

Shari'a ba ta bar wannan fage a buɗe ba. An ruwaito cewa mahaifin Nu'umanu ɗan Bashir ya yi masa kyauta shi kaɗai ban da 'yan'uwansa, ya zo yana son Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya zama shaida. Annabi ya ƙi, ya kira abin zalunci, ya kuma yi umurni da a daidaita tsakanin 'ya'ya. In kyautar dukiya ce aka yi wa wannan tsanani, ina ga karatu, wanda shi ne dukiyar da ba ta ƙarewa? Uban da ya kai 'ya'yan amarya makarantar kuɗi, ya bar na uwargida a inda babu ko benci, ya shuka gaba tsakanin 'yan uba wadda za ta daɗe bayan an binne shi.

Haka kuma a mazhabar Malikiyya, wadda ita ake bi a wannan ƙasa, idan aure ya mutu uwa ce ta fi cancantar renon ɗa namiji har ya balaga, 'ya mace kuwa har ta tare a gidan miji, ciyarwa kuma tana nan a wuyan uba. Abin da ake yi yau sau da yawa kishiyar wannan ne. Ko dai a ƙwace yara a watsa wa matar uba wadda ba ta nemi renonsu ba, ko kuwa a bar su ga uwa a yanke mata ko ƙwayar hatsi. Sai ka ga yarinya 'yar shekara tara da farantin talla a ka lokacin da sa'o'inta suke aji, domin da cinikin nan za a ci tuwon dare. In ta faɗi jarrabawa a ce ba ta da ƙwaƙwalwa, alhali kuwa ubanta ne ya haɗa ta da uwarta ya sake su tare.

Tarihin Musulunci yana cike da shaidar cewa rashin uba ba ya rufe ƙofar ilmi. An haifi Imamu Shafi'i a Gaza shekara ta 150 bayan Hijira, mahaifinsa ya rasu yana jariri, mahaifiyarsa ta ɗauke shi ta kai shi Makka wurin danginsa. Talauci ya kai ba ta da abin biyan malaminsa, malamin ya yarda ya riƙa kula masa da yara in ya tashi a maimakon lada. Ba shi da kuɗin takarda, a kan ƙasusuwa yake rubuta abin da ya ji. Imamu Ahmad ɗan Hambali, wanda aka haifa a 164, maraya ne, Imamu Buhari, wanda aka haifa a 194, shi ma maraya ne, dukansu uwa ce ta tsaya musu. A nan gida ma, Sardaunan Sakkwato Alhaji Ahmadu Bello ya rasa mahaifinsa tun yana ƙaramin yaro a Rabah, amma dangi suka riƙe shi, ya yi makarantar Sakkwato, ya wuce Kwalejin Katsina ya fito malami cikin 1931.

Wani zai ce ai waɗannan ɗaiɗaiku ne, Allah ne Ya zaɓe su, ba a kafa hujja da su. Wannan magana tana da gaskiya ta fuska ɗaya, domin marayu dubu nawa suka bi ta ƙofar masallatan Makka da Bagadaza ba a san sunansu ba. Amma ba don a ce kowane maraya zai zama Imami aka kawo labarinsu ba. An kawo shi ne domin a ga abin da ya haɗu a kansu: a gida akwai mace guda da ta ƙi yarda ɗanta ya tashi jahili, a waje kuwa akwai malamin da bai kore shi don rashin kuɗi ba, da zauren karatu da ke buɗe ga kowa. Da ɗaya daga cikin biyun ya ɓace, da baiwar ta tafi a banza. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Wannan kuma ya nuna matsayin uwa. Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya yi kakkausan suka ga malaman zamaninsa da ke karantar da ɗalibai a zaure su bar matansu da 'ya'yansu mata cikin jahilci. 'Yarsa Nana Asma'u, wadda ta rasu cikin 1864, ta kafa tsarin 'yan taru, inda jajis suke zuwa wurinta su ɗauki karatu su koma ƙauyuka su karantar da mata. Abin da suka gane tun wancan lokaci shi ne abin da masu binciken zamani suke ta maimaitawa a ƙasashe daban-daban, cewa uwar da ta yi karatu ta fi tsayawa a kan karatun 'ya'yanta. Saboda haka wanda ya cire 'yarsa daga makaranta tun ba ta iya karanta wasiƙa ba, jikokinsa ma ya taɓa.

Yanzu sai a juya ga makaranta, domin ita ma ba ta fita ba. Cikin watan Satumba na 1976 Gwamnatin Tarayya ta fara shirin ba da ilmin firamare kyauta ga kowa. Yaran da suka zo sun zarce lissafin da aka yi, aka horar da malamai cikin gaggawa, aka zaunar da waɗansu azuzuwa a gindin bishiya. Cikin 1999 aka sake ƙaddamar da shirin ilmin bai-ɗaya a Sakkwato, dokarsa ta 2004 kuma ta wajabta wa kowane yaro karatun shekara 9 kyauta. Niyya ta yi kyau, amma shigar da yaro aji dabam, karantar da shi dabam. Cikin 2017 Gwamnatin Jihar Kaduna ta yi wa malaman firamare wajen 33,000 gwaji da tambayoyin 'yan aji huɗu, ta ba da sanarwar cewa wajen kashi biyu cikin uku ba su kai makin da aka yanka ba. An yi ta muhawara a kan yadda aka yi gwajin da korar da ta biyo baya, amma tambayar da abin ya tayar tana nan: wane ne ya ɗauki waɗannan mutane aiki tun farko, kuma 'ya'yan wa aka ba su? Wanda ya ba ɗan'uwansa ko yaron siyasarsa aikin koyarwa yana sane bai iya ba, yana da kaso cikin alhakin kowane yaro da ya gama firamare bai iya rubuta sunansa ba.

Magabata sun ɗauki sha'anin makaranta da nauyi. Bayan yaƙin Badar, fursunonin da suka iya rubutu kuma ba su da abin fansa, an karɓi koyar da yaran Madina goma-goma a matsayin fansarsu, a lokacin da Musulmi suke tsananin bukatar dukiya. A Ƙairawan, Muhammadu ɗan Sahnun, wanda ya rasu a 256 bayan Hijira, ya rubuta littafi sukutum a kan ladubban malaman yara, inda ya wajabta wa malami daidaita ɗan mai kuɗi da ɗan talaka, ya hana shi shagala da wani aiki lokacin karatu, ya kuma sa wa duka iyaka. Ibnu Haldun, wanda ya rasu a Alƙahira cikin 1406, ya yi gargaɗi cewa tsananta wa ɗalibi yana kashe masa himma, yana koya masa ƙarya da yaudara don tsoron bulala. Duk abin da masu binciken Landan suka kira ɗabi'ar makaranta, malaman Musulunci sun riga sun sa shi cikin babin amana. Malamin da ke karɓar albashi ya sa hannu a rajista ya tafi kasuwa, ya sani haƙƙin yara ne ya ci, yara kuwa ba su kai munzilin yafewa ba.

Akwai wata magana da akan fake da ita, cewa ƙwaƙwalwa baiwa ce, rabon kowa kuma a rubuce yake. Babu Musulmin da zai musa ƙaddara, kuma gaskiya ne Allah bai daidaita mutane wajen fahimta ba. Ba kowane yaro zai shiga jami'a ba, ba kuma kowane wanda ya faɗi jarrabawa ne ya taɓe ba, domin akwai mai albarka a gona, akwai mai albarka a kasuwa ko a wurin ƙira. Amma Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya umurci mai raƙumi ya ɗaure raƙuminsa tukuna sa'an nan ya dogara ga Allah. Manomin da bai yi shuka ba ba ya cewa ƙaddara ce ta hana shi girbi. Ba za a san iyakar baiwar yaro ba sai an ba shi abinci da barci da littafi da malamin da ya iya. Wanda bai sami waɗannan ba, ba a gwada ƙwaƙwalwarsa ba tukuna, manyansa aka gwada.

In an tattara maganar, alhakin ya rabu gwargwadon ikon kowa. Na farkon wanda za a tambaya uba ne, ko wanda ya tsaya a matsayinsa, domin shi aka ba kiwon, kuma ba a bukatar ya iya Turanci kafin ya sauke nauyinsa. Wanda bai taɓa shiga aji ba yana iya tambayar ɗansa abin da aka koya masa yau, yana iya hana aike lokacin makaranta, yana iya zuwa ya gaisa da hedimasta sau ɗaya a zango, yaro kuwa da ya ga ana bin sawunsa zai sake. Sa'an nan malami, wanda iyakar abin da ake nema gare shi shi ne ya zo, ya shirya, ya daidaita yara, ya kuma san wane ne cikinsu ya kwana da yunwa ko aka saki uwarsa makon jiya. Sa'an nan hukuma, wadda ita ke ɗaukar malamai, ita ke biyansu, ita ke da alhakin rufin aji da alli.

Inda gida ya rushe kuwa, nauyin ba ya faɗuwa ƙasa, komawa yake kan jama'a, kamar yadda sallar jana'iza take: in waɗansu suka yi ta wadatar, in aka rasa mai yi kowa ya yi laifi. Hausawa sun ce ɗa na kowa ne. A da maƙwabci yakan ga yaro yana gararamba da hantsi ya kama hannunsa ya kai shi makaranta, uban kuma ya zo ya yi godiya. Babu abin da zai hana kwamitin masallacin unguwa ya san marayu da 'ya'yan zawarawan da ke kewaye da shi, ya ware wani abu daga abin da ake tarawa ranar Juma'a domin kayan makarantarsu da kuɗin jarrabawarsu. Annabi ya yi wa mai ɗaukar nauyin maraya albishir da maƙwabtaka da shi a Aljanna, yaron da ubansa yake raye amma ya watsar da shi kuwa bukatarsa ba ta gaza ta maraya ba.

Saboda haka idan sakamako ya sake fitowa, kafin uba ya tafi majalisa ya zagi malamai, ya fara ƙidaya sau nawa ya buɗe littafin ɗansa a wannan shekara. Kafin malami ya ce iyaye ba su damu ba, ya ƙidaya darasi nawa ya bari ya wuce. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, yaron da ke aji ɗaya bana kuwa ba zai tsaya jiran manya su gama gardama ba.

Allah Ya shirya zuriyar Musulmi, Ya ba iyaye da malamai da shugabanni ikon sauke amanar da ke wuyansu, Ya jiɓinci al'amarin marayu da marasa galihu, amin.